Tambaya da Amsa: Kariyar ɗaukar kwale-kwale a bayan a-kori-kura

Wasiƙun da muka ware wa wannan fitowa duk kan abu guda suke, wato yadda ake ƙera kariya, firam ɗin nan na ɗora kaya, a bayan a-kori-kura don ɗora ƙaramin jirgin ruwa. Yawancin masu tambayar suna magana ne kan kayak, siririn kwale-kwalen nan na roba da mutum ɗaya ko biyu ke tuƙawa da filafili mai baki biyu. Mun taƙaita tambayoyin saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux mai ƙofa huɗu, na kuma sayi kayak biyu, kowanne tsawonsa mita 3.6, nauyinsa kilo 25. Ina so in riƙa kai su tafkin Jabi, wani lokaci har madatsar Tiga. Me zan saya wa mai walda, kuma wane awo zan ba shi? Daga wani mai karatu a Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka je kasuwa, ɗauki tef ka auna abu uku a motarka: tsawon bodi daga ciki, faɗin bodi daga leɓe zuwa leɓe, da tsayi daga leɓen bodi zuwa saman rufin gidan direba. A Hilux mai ƙofa huɗu za ka samu tsawon bodin wajen mita 1.5 ne, faɗinsa ma kusan haka, amma ƙirar wata shekara ta bambanta da ta wata, don haka awonka shi ne hujja. Kan tsayin rufi ka ƙara santimita 8. Wannan ratar ce za ta hana jirgin taɓa rufin idan mota ta faɗa rami.

Ƙarfen da za a yi ginshiƙin aikin da shi fayif ne mai kusurwa huɗu, milimita 40 a 40, wanda 'yan kasuwa ke kira inci 1½, mai kaurin milimita 2. Daga cikinsa za a yanka ƙafafu huɗu, kowace wajen santimita 60 zuwa 65 gwargwadon awonka; sanduna biyu na gicciye da jirgin zai kwanta a kai, kowace mita 1.7, da sanduna biyu na gefe masu haɗa ƙafar gaba da ta baya ta sama, kowace mita 1.5. Jimilla wajen mita 9 ke nan, wato tsayi biyu na fayif, kowanne mita 6, har a samu saura. Sai tsayi ɗaya na fayif inci 1 mai kaurin milimita 2 don tokare: guda huɗu masu santimita 50 da za su tokare ƙafafu ta gaba da baya, da guda huɗu masu santimita 35 da za su tokare kusurwar da ƙafa ta haɗu da sandar gicciye. Sai angul inci 2 mai kaurin milimita 4, gida biyu, kowanne mita 1.5, wanda zai kwanta a kan leɓen bodi, ƙafafun su tsaya a kansa. Ƙara da guntun rodi milimita 10 da za a lanƙwasa a yi kunnuwa takwas na ɗaure igiya, da bol lamba 10 guda shida, da faifan ƙarfe ƙanana shida masu kaurin milimita 4. Idan an gama, kariyar za ta yi nauyin kilo 38 zuwa 40.

Wurin da ake cutar mai saye shi ne kaurin fayif. A ido, mai milimita 1.2 da mai milimita 2 kamarsu ɗaya, musamman in bakin yankan ya naɗe ciki. Sikeli ne ke raba gardama. Mita ɗaya na mai milimita 2 yana da nauyin kilo 2.3, wato tsayi mai mita 6 zai yi kusan kilo 14. Na milimita 1.2 bai kai kilo 9 ba. Ka sa a ɗora maka a sikeli tun a shagon.

Wajen haɗawa, mai walda ya fara da firam biyu, na gaba da na baya, a shimfiɗe a ƙasa mai daidai. Ya ɗiɗɗiga walda kawai, kada ya cika. Sannan ya auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. In awon biyu ya zo ɗaya, firam ɗin ya daidaita, in kuwa akwai bambancin da ya wuce milimita 3 a gyara tun ɗigon waldar bai yi yawa ba. A ɗora shi a mota a gwada, a duba ƙofar baya na buɗewa, a duba ratar rufi, sai a sauke a cika waldar a ƙasa. A riƙa yi ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan, domin in aka zuba wuta a gefe guda zafi zai ja ƙarfen ya karkace. Sandar walda mai milimita 2.5, wadda ake kira geji 12, ita ta dace da wannan kauri, da wuta tsakanin amfiya 60 zuwa 80. Geji 10 tana huda fayif ɗin.

Kayak irin naka faɗinsa yakan kai santimita 75 zuwa 80, don haka biyu za su kwanta gefe da gefe a kan sanda mai mita 1.7, da ɗan fili na bel. Kada a ƙara wa sandar tsawo ta wuce faɗin motar. Bakin ƙarfen da ya leƙo waje daidai tsayin kan mutum yake, kuma masu babur ba sa ganinsa.

Tambaya: Ni mai walda ne. Wata uku da suka wuce na yi wa wani kariya da fayif mai milimita 1.2, tunda kayan da zai ɗora ba su wuce kilo 50 ba. Ya dawo ƙafafu biyu sun tsage daga gindi, dab da waldar. Ni da yarana uku mun hau kanta ranar da muka gama, ko gezau ba ta yi ba. Ina matsalar take? Daga Panteka, Kaduna.

Amsa: Maigida, gwajin da kuka yi ya nuna kariyar na iya ɗaukar nauyi tana tsaye wuri ɗaya. Wannan kuwa shi ne mafi sauƙi cikin ayyukanta. Sandar gicciye ta milimita 40 mai kaurin 2, in aka ɗora mata kilo 100 a tsakiya a kan tazarar mita 1.5, lanƙwasawar da za ta yi ba ta kai rabin santimita ba. Ko ta 1.2 ɗin za ta ɗauki mutum huɗu na minti biyar. Abin da ke kashe kariya shi ne motsi.

Duba abin da ke faruwa a hanya. Direba ya taka birki, mota ta tsaya, kaya na son ci gaba da tafiya. Ƙa'idar ɗaure kaya da ake bi a Turai tana lissafa cewa kaya na turawa gaba da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsu, gefe da baya kuma kashi 50. Wannan turi a saman ƙafa yake sauka, santimita 60 sama da gindinta, don haka ƙafar ta zama kamar sifana mai dogon hannu tana murɗa waldar ƙasa. Sau ɗaya ba komai ba ne. Amma a kan gargada ƙafar na rangaji gaba da baya sau dubbai a tafiya guda, kamar yadda yaro ke lanƙwasa waya yana miƙewa har ta katse. Tsagar kuma galibi daga bakin walda take farawa, inda wuta ta ɗan ci ƙarfen ta rage masa kauri. A fayif mai milimita 1.2, ɗan abin da wuta ta ci ya isa ya kwashe sulusin kaurin. Ga shi dama ƙarfinsa wajen lanƙwasa bai wuce kashi biyu cikin uku na mai milimita 2 ba. Araha ba ta ado.

Daga bayaninka ba mu ga inda ka ambaci tokare ba, kuma muna zaton nan ne babbar ɓarakar. Firam mai kusurwa huɗu yana iya karkacewa ko da ƙarfensa na da kauri, sai waldar kusurwoyi kaɗai ke riƙe shi. Mai kusurwa uku ba ya karkacewa sai in ƙarfe ya katse. Saboda haka kowace ƙafa tana buƙatar tokare biyu. Na farko daga wajen kashi biyu cikin uku na tsayinta ya gangara zuwa angul ɗin da ke kan leɓen bodi, shi ke karɓar birki da tashi. Na biyu a kusurwar sama, tsakanin ƙafa da sandar gicciye, shi ke karɓar kwana da iskar tirela in ta wuce. In ba a son tokaren sama ya tare hanyar kaya, a sa faifan ƙarfe mai kusurwa uku, santimita 12 a 12, kaurin milimita 3.

Game da gyara, kada ka bi kan tsagar da walda ka sallami mutum, za ta sake buɗewa a gefen sabon ɗinkin. Ka yanke ƙafafun huɗu duka, har da biyun da ba su nuna komai ba tukuna, ka sa masu kauri. Ka zagaye kowace ƙafa da walda ta fuska huɗu, ka buge kashin waldar ka duba da ido. Kada ka goge ɗinkin da garanda har ya yi sumul don kwalliya, ƙarfin aikin kake gogewa.

Wani abu da bai shafi tsagar ba amma ya shafe ka: in mai aiki ya kawo fayif farin nan na ruwa mai rufin zinki, ka goge rufin a wurin da za ka yi walda, ka yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa. Hayaƙinsa na kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji, kuma madarar da ake sha bayan aiki ba ta tare shi.

Tambaya: Bodin motata gajere ne. Ina tunanin in kafa sanda ɗaya a kan rufin gidan direba, ɗaya a bayan bodi, in haɗa su da dogon ƙarfe don kariyar ta yi tsawo. Akwai aibu? Daga Minna.

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. A-kori-kura ba gida ɗaya ba ce kamar ƙaramar mota. Gidan direba daban yake zaune a kan shasi bisa robobi, bodi ma daban, shi ya sa ka ga rata a tsakaninsu. In ka tsaya ka kalli irin motar tana hawa kwalbati a karkace, za ka ga kan ya karkata wani gefe, bodin ya karkata wani. Duk ƙarfen da ya ɗaure su wuri guda shi zai sha wannan murɗa, kuma ɗayan biyu ne zai faru: ko waldar ta tsage, ko rufin ya yage a wurin bol ya fara yoyo da damina.

In kana buƙatar tsawo, bar kariyar gaba ɗaya a kan bodi, ka zarce da sandunan gefe su leƙa saman rufi da santimita 60 zuwa 70, ka sa sandar gicciye ta uku a bakinsu, ka tokare su daga ƙafar gaba. Kada su taɓa rufin, a bar ratar santimita 8. Ka kuma tambayi kanka ko kana buƙatar hakan. Ga kayak da bai wuce mita 4 ba, tazarar mita 1.3 zuwa 1.4 tsakanin sanduna biyu ta wadatar. Sai masu mita 5 da ɗoriya ne ke neman ƙari.

Tambaya: Mai waldana ya ce a like kariyar a jikin bodi da walda a huta. Ni kuma ina so in riƙa cirewa in zan ɗauki buhuna. Wanne ya fi? Daga Jos.

Amsa: Naka ra'ayin ya fi, Malam, ko da ba za ka taɓa cirewa ba. Kwanon bodi siriri ne ƙwarai, walda na ƙona shi, tana cinye fenti ciki da waje, tsatsa ta samu ƙofa. Ga tankin mai a ƙarƙashin bodin, ga kuma na'urar da ke sarrafa injin, wadda wutar walda ke iya lalatawa in ba a cire kan batir ba.

Ɗaure da bol. A huda angul ɗin da leɓen bodi wuri uku a kowane gefe, ɗaya kusa da ƙafar gaba, ɗaya kusa da ta baya, ɗaya a tsakiya, da bakin huji milimita 10.5 ko 11. Kafin a huda, a sa hannu ta ƙarƙashin leɓen a tabbatar babu wayar fitila, kuma akwai filin da sifana za ta shiga. A shafa fenti a bakin kowane huji. Tsakanin angul da bodi a shimfiɗa roba da aka yanka daga tsohon tub na mota. Ta ƙasa kuwa kada a wadatu da washa: a sa faifan ƙarfe mai santimita 4 a 8, kaurin milimita 4, don ya raba matsin a fili mai faɗi. In babu shi, noti zai riƙa cin kwanon sannu a hankali har wata rana ya fito ta hujin da ya faɗaɗa.

Bol ɗin ya zama mai lamba 8.8 a kansa. Wanda kansa ba rubutu na haɗa gado ne. Noti kuma a nemi mai zoben roba a ciki, wanda girgiza ba ta kwance shi. In ba a samu ba a sa noti biyu a matse su da juna. Sifana 17 ce ke kama yawancinsu. Bayan tafiyar farko a sake bin su duka shida, domin robar da ke tsakani takan kwanta ta bar sako-sako.

Tambaya: Ni kafinta ne, ba ni da injin walda. Za a iya yin wannan da katako? Daga Rano, jihar Kano.

Amsa: Ana yi, kuma yana aiki in an bi hanyarsa. Bambancin farko shi ne ta katako a kan daɓen bodi take tsayawa, a kusurwoyi huɗu, gaba da bayan tudun taya, don ba yadda za a kafa katako a kan leɓen bodi ya zauna. Zurfin bodin Hilux wajen santimita 48 ne, saboda haka ƙafafun za su kai mita 1.1. Nemi jan katako busasshe, 2 a 4, mara ƙulli a tsakiya. Tsayi bakwai masu ƙafa 12 za su isa: ƙafafu huɗu, sandunan sama biyu, na ƙasa biyu, na gefe huɗu, da dogayen tokare biyu da za su ratsa kowane gefe daga gindin ƙafar gaba zuwa saman ta baya. Sandunan gefe na ƙasa a ɗaga su sama da tudun taya.

Ƙusa ba ta da wuri a wannan aiki, girgiza na zare ta. Kowace mahaɗa a sa bol lamba 10 mai tsawon santimita 12 ko 13, biyu-biyu, da washa mai faɗi a kowane gefe. Bol ɗaya a mahaɗa tamkar hinji ne. Sandar sama a tsayar da ita ta gefen inci 4, a ɗan fafe kan ƙafar ta zauna a ciki, yadda nauyi zai sauka kan katako maimakon ya rataya a bol. A kusurwoyin sama a like filawud mai kaurin milimita 18, yankan kusurwa uku, santimita 30 a 30. Daga nan a ɗaure kariyar ƙasa da bel huɗu zuwa ƙugiyoyin cikin bodi. Mutane kan manta da wannan, suna ganin nauyinta zai riƙe ta, alhali iska na iya ɗaga jirgi da kariyar tare.

Ka san abu biyu tun yanzu. Mita 20 na jan katako 2 a 4 zai kai kilo 70, kusan ninki biyu na ta ƙarfe. Kana iya rage wannan da sa 2 a 3 a sandunan ƙasa da tokare. Na biyu, katako na tsukewa da hunturu, bol ɗin da ka matse a watan Agusta za ka same shi yana juyawa da hannu a Janairu.

Tambaya: Na ɗaure kayak ɗina da bel mai ƙarƙara, irin mai hannun ƙarfe da ake ɗagawa ana saukewa yana ƙara matsewa, na bar shi a kan mota daga safe zuwa la'asar. Da na sauke sai na ga cikinsa ya lotsa wuri biyu, daidai inda sanduna suke. Ya lalace ke nan? Kuma yaya ake ɗaure shi daidai? Daga wata mai karatu a Legas.

Amsa: Hajiya, bai lalace ba. Robar da ake yin yawancin kayak da ita tana laushi in ta sha rana, kuma bel mai ƙarƙara na matsewa fiye da yadda hannu ke ji. Ki kifa shi a rana na 'yan awanni ba komai a kansa, sau da yawa lotsawar kan koma da kanta. In ta ƙi, ki zuba ruwan zafi a wurin ta ciki, ki danna da wani abu mai nauyi har ya huce.

Don kada a maimaita, ki riƙa kifa shi, bakinsa ƙasa, cikinsa sama. Gefunan bakin sun fi cikin tauri, kuma in ruwan sama ya sauko ba zai taru a ciki ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jirgin da aka bari a buɗe yana iya tara nauyin da ya fi nasa. A naɗe sandunan da robar da masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki ke rufe bututu da ita, ko guntun kafet, ko tsohuwar mesa da aka tsaga. Soson katifa na riƙe ruwa ya sa ƙarfe tsatsa.

Kowane jirgi bel ɗinsa biyu, ɗaya a kowace sanda, irin mai faɗin santimita 2.5 da ake ja da hannu ya kama da haƙori. Bel ya bi ta ƙarƙashin sanda dab da jikin jirgin, ya haye, ya sake bi ta ƙarƙashin sanda a ɗaya gefen, ya dawo. In aka ɗaure can nesa da jikinsa, jirgin zai samu filin zamewa hagu da dama. Kada a haɗa jirgi biyu da bel ɗaya, ɗaya na motsawa ɗayan ya saki. Matsin da ake so shi ne in kika kama hancin jirgin kika girgiza, motar ce za ta motsa. Robar tub da ake ɗaure kaya da ita a kasuwa ba ta yi nan, miƙewa take.

Sai igiyar hanci da ta wutsiya. Kayak mai mita 3.6 a kan sanduna masu tazarar mita 1.4 yana da fiye da mita ɗaya a iska ta kowane ɓangare, kuma iskar da ta hau gilashin gaba hancin take ɗagawa. Ƙarfinta na ninkuwa sau huɗu in gudu ya ninka sau biyu: a kilomita 80 cikin awa tana tura duk murabba'in mita da ya fuskance ta da wajen kilo 30, a 100 kuwa wajen kilo 47. A ɗaure igiyar hanci a ƙugiyar jan mota da ke ƙasan gaba, ba a bambar roba ba, ta wutsiya kuma a ƙarfen baya. A ja su su miƙe kawai, ba a tanƙware jirgin ba. Jelar igiya da ta rage a naɗe ta tsaf. In ta shiga ƙarƙashin taya za ta fizgo jirgin ƙasa. Bayan kilomita 10 na farko a tsaya a sake ja, sannan duk tsayawar da aka yi a taɓa. In wutsiyar ta zarce bayan mota a ɗaura jan ƙyalle, kada kuma wani abu ya rufe lamba ko fitilun baya, don jami'an kiyaye haɗurra nan suke fara dubawa. 

Don ɗorawa ke kaɗai, a ƙara wata sanda zagayayya a bayan ta ƙarshe, fayif inci 1¼ da aka zura cikin bututun roba inci 2. Ki jingina hancin jirgin a kai, ki ɗaga wutsiya ki tura, bututun na juyawa yana kai shi.

Tambaya: Ranku ya daɗe. Sana'ata su. Kwale-kwalena na katako ne, mita 6. In ruwa ya ja baya ina so in riƙa kai shi wani mashigi da a-kori-kurar ƙanena mai ƙofa biyu. Kariya irin wannan za ta ɗauke shi? Daga Yawuri, jihar Kebbi.

Amsa: Allah ya ba da sa'a, Malam, amma ba mu ba ka shawarar ɗora shi sama ba. Yi lissafin da kanka. Jirgi mai mita 6, in aka haɗa ƙasansa da gefunansa, katakon ya kai murabba'in mita 7 zuwa 8. In kaurin allon santimita 2.5 ne, jan katako zai ba da kilo 120 zuwa 140 tun ba a lissafa haƙarƙarinsa da wuraren zama ba, kuma katakon da ya kwana a ruwa wata da watanni ya fi busasshe nauyi sosai. Kilo 200 ba abin mamaki ba ne. Kariyar da muka bayyana a sama mun tsayar mata da kilo 100 a kwalta mai kyau, 70 a hanyar ƙauye.

Za a iya ƙara wa ƙarfe kauri, amma motar ce abin ji. Tana iya ɗaukar kusan tan ɗaya a daɓen bodi, sai dai kilo 200 a tsayin da ya kusa mita 2 daga ƙasa wani abu ne daban: a kwana yana jan motar waje, a hanyar da ta karkata yana neman kayar da ita, in aka kauce wa akuya da sauri kuwa sitiyari ba zai dawo yadda aka saba ba.

Wasu kan jingina jirgi a karkace, wutsiya a daɓen bodi jikin ƙofar baya, hanci a kan firam na gaba. Ga jirgin da bai wuce mita 4.5 ba wannan hanya ce mai kyau. Ga naka ba ta yi. Bodin mai ƙofa biyu wajen mita 2.3 ne, daga gindin ƙofar baya zuwa saman firam ɗin gaba kuma wajen mita 2.5. Tsakiyar nauyin jirginka tana mita 3, wato ta wuce firam ɗin, don haka zai riƙa neman rinjaya ya faɗa kan gidan direba. Kwantar da shi a daɓe da ƙofar baya a buɗe ma haka ne, abin da ya zauna bai kai mita 3 ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka nemi Kanta mai dogon bodi, ko ku haɗa kuɗi da abokan sana'a a ƙera ƙaramar tirela mai taya biyu da gatarin tsohuwar mota, a kafa gatarin ɗan baya kaɗan da tsakiyar jirgin yadda wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin zai sauka a kan maƙalar mota.

Tambaya: Tun da aka sa min kariya, da na kai kilomita 70 sai ta kama fito kamar sarewa. Ga kuma jan ruwa na gangarowa daga ƙafafun yana ɓata fentin bodi. Daga Zariya.

Amsa: Fiton daga wuri biyu yake zuwa. In bakunan fayif a buɗe suke, iska na busa su kamar bakin kwalba. A toshe da murfin roba irin na ƙafar kujera, ko a like da ɗan faifan ƙarfe. In an toshe bai daina ba, iskar da ke ratsa sandar gaba ce. Naɗa mata igiya mai kaurin milimita 6 ko 8 a karkace, da tazarar yatsu huɗu tsakanin zagaye da zagaye, daga wannan baki zuwa wancan. Bel ma kan yi gurnani in ya miƙe a iska, murɗa shi sau ɗaya kafin a ja yana kashe ƙarar.

Jan ruwan kuwa daga cikin fayif yake fitowa: ruwan sama ya shiga ta sama ya rasa mafita. Bayan toshe bakunan, a huda ƙaramin huji na milimita 6 a gindin kowace ƙafa ta gefen da ke kallon cikin bodi, a ɗura ɗan baƙin mai ta sama ya wanke cikin. A kwance kariyar, a goge tsatsar waje da burushin waya, a share da fetur kaɗan a tsumma nesa da wuta, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa sau biyu da kwana ɗaya a tsakani, sannan fentin mai sau biyu. Tabon da ke jikin bodi yakan fita da man goge fentin mota in bai daɗe ba.